Bahon Ruwan Jego a Ƙofar Banɗaki: Nazarin Ƙunar Wata Yarinya a Tudun Wadar Kaduna

Ƙarfe goma saura na safe ƙanena ya kira ni. Ina ɗakin awo a ƙaramin asibitin da nake aiki, mata sun jeru a benci kowa ta duƙunƙune cikin hijabi saboda sanyin Janairu. Ko sallama bai yi ba. "Yaya, yarinyar nan ta faɗa ruwan zafi." Na ce yaushe? Ya ce tun bayan asuba. Na ce me aka zuba mata? Ya yi shiru, sannan ya soma lissafi: ɗanyen ƙwai, kamu, makilin.

Na daɗe ina aikin lafiya a matakin farko, ƙunar da na wanke ba ta ƙirguwa, amma ban taɓa zama na bi diddigin guda ɗaya tun daga tushenta ba sai da ta shigo gidanmu. Wannan rubutu shi ne bin diddigin. Iyayen yarinyar sun amince, na kuma sakaya sunan kowa.

Gidan da safiyar

Gidan haya ne irin wanda ya cika Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi. Ɗakuna tara sun kewaye tsakar gida guda, banɗaki biyu, rijiya ɗaya mai murfi, sai famfon da ya daɗe bai ɗiga ba. Babu madafi. Kowace mace a ƙofar ɗakinta take girki, wata kurfoti, wata risho, wata ƙaramar tukunyar gas, kuma duk a ƙasa. Yaran da ba su kai shekara biyar ba su bakwai ne. Tsakar gidan nan a cikinta ake girki da wanki, ta nan ake bi a shiga banɗaki, a nan kuma yara ke wasa.

A ɗakin ƙurya akwai mai jego, kwananta goma sha biyu da haihuwa. Mahaifiyarta ta zo daga wani ƙauye ta wajen Soba don yi mata wanka. Dattijuwa ce mai tsafta da tsari, ta wanke 'ya'ya ta wanke jikoki, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Kullum kafin kiran assalatu ta hura itace ƙarƙashin rabin duro, ta watsa ganyen darbejiya, in ruwa ya tafasa ta kwashe a baho su shige banɗaki ita da 'yarta.

Ranar Litinin ce. Ma'aikata da 'yan makaranta sun riga ta, banɗakunan biyu duk da mutane. Ita kuwa ta riga ta juye ruwan, sai ta ja bahon zuwa ƙofar banɗaki ta kama layi da shi. Ba ta sirka ba, don ruwan jego da zafinsa ake so. Ta juya ɗaki ɗauko zani da sabulu.

'Yar ƙanena shekararta ɗaya da wata takwas. Uwarta na ɗaki tana sa wa yayyenta biyu kayan makaranta, ga koko a kan kurfoti. Babban ya ɗaga labule ya fita, ta bi shi. Waɗanda suka gani sun ce da baya take tafiya tana jan takalmin babanta. Bakin bahon ya doki bayan gwiwarta, ta zauna a ciki.

Dattijuwar ce ta fizge ta. Ba ta wuce daƙiƙa uku ko huɗu a ruwan ba. Ita ma dattijuwar hannuwanta biyu sun ƙone har wuyan hannu, kuma a hargitsin ranar babu wanda ya kula da hakan sai da yamma.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai. Yarinyar na sanye da suwaita da wandon sanyi da famfas, dukkansu sun sha tafasasshen ruwa sun manne mata a jiki. Wata ta ce kada a tuɓe, fatar za ta biyo kayan. Aka tsaya gardama, ruwan na ci gaba da dafa ta. Da aka tuɓe, uwar ta nufi randa, wata maƙwabciya ta riƙe hannunta: "Ke, kada ki zuba mata ruwa, bororo zai tashi, ga sanyi zai shige ta." Aka fasa ƙwai biyu, aka damo kamu, aka matse makilin. Wani dattijo a zaure ya ce a kai ta wurin maƙeri a yi tofi a sa gashin zomo. Uban ya zaɓi kemis. Mai kemis ya shafe wurin da shuɗin magani, ya yi allura, ya ce a koma gida a ga abin da hali zai yi. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, daga baya ta yi lamo, mutanen gida suka ce alhamdulillahi an samu sauƙi. Ba sauƙi ba ne. Tun asuba ba ta yi fitsari ba.

Babu wanda ya yi abin da ya yi da mugunta. Kowa abin da ya gada ya kawo, da hannu biyu, cikin tausayi.

A asibiti

Na same su gida na sa muka hau Napep. Likitan da ya karɓe mu ya auna faɗin ƙunar da tafin hannun yarinyar. Ƙa'idar ita ce tafin hannun majinyaci haɗe da yatsunsa yana daidai da kusan kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa. Ya ƙirga goma sha biyu: mazaunai, bayan cinyoyi, ƙasan gadon baya. A jikin yaro, ƙuna in ta haura kashi 10 cikin 100 sai da ƙarin ruwa, domin ruwan jiki yana tsiyayewa ta inda fata ta saɓule, jini ya ragu a jijiya, ƙoda ta fara gazawa. Wannan lamon da aka ɗauka sauƙi ne, farkon wannan hanyar ne.

Nas ɗin ta dubi matar ƙanena ta ce, "Baiwar Allah, me da me kuka shafa mata?" Sai da aka yi kusan awa ana wanke ƙwai da kamu da shuɗi kafin likita ya iya ganin zurfin ciwon, yarinyar na ihu duk da maganin kashe zafi. Shuɗin maganin nan yana rufe launin fata, launin kuwa da shi ake gane inda zai warke da kansa da inda ba zai warke ba. Ɗanyen ƙwai da gashin dabba a kan buɗaɗɗen ciwo ƙwayoyin cuta suke kaiwa.

Kwana ashirin da uku suka yi a kwance. Yawancin wurin ya rufe da kansa, amma bayan cinyar hagu ya ƙi, sai da aka tura su asibitin koyarwa aka yi dashen fata. Ƙanena tela ne. Ya sayar da ɗaya daga kekunan ɗinkinsa biyu, muka haɗa sauran a dangi.

"Ina uwarta take?"

Wannan ita ce tambayar da kowa ya yi. Inna ta yi ta a gaban mutane a barandar asibiti. 'Yan dubiya sun yi ta a raɗa. Ni ma na yi ta a zuciyata cikin Napep, kuma ina jin nauyin hakan har yau. Masu sassauci suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Tsakanin masu zargi da masu cewa ƙaddara, aka rufe maganar ba tare da wani ya koma ya dubi tsakar gidan ba. Dattijuwar ta tattara kayanta ta koma ƙauye kafin arba'in, hannuwanta a naɗe, ba ta iya haɗa ido da kowa.

Amsar tambayar ba ta da wuya. Uwar tana ɗaki, taku shida daga bahon, tana sa wa yaro safa. Mace ɗaya, yara uku, wuta a kunne, makaranta ƙarfe bakwai da rabi. Babu uwar da Allah Ya halitta da za ta kafa wa ɗan tatata ido daga asuba zuwa isha ba ƙiftawa.

Masu binciken rigakafin rauni sun daɗe da barin wannan tambayar. Akwai wani likita Ba'amurke, William Haddon, wanda ya fara shugabantar hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta ƙasarsu a 1966. Shi ya dage cewa a riƙa nazarin rauni kamar yadda ake nazarin cuta. Zazzaɓin cizon sauro yana da wanda yake kamawa, yana da sauron da ke kawo shi, yana da kwatamin da ke raya sauron. Haka ƙuna: akwai yaron, akwai abin da ya ɗauko zafin, akwai wurin da ya haɗa su. Ya kuma raba kowane haɗari gida uku, kafin ya faru, lokacin da yake faruwa, da bayan ya faru, ya ce a kowane gida a nemi inda za a iya tare shi. In yaro ya kamu da zazzaɓi ba ma tsayawa a kan ina uwarsa take, gidan sauro muke rabawa mu yashe kwata.

Da wannan ma'aunin na koma gidan. Safiya biyu na zauna a kan turmi a tsakar gida da littafi, daga ƙarfe biyar da rabi zuwa bakwai da rabi. Safiyar farko, mako biyu kacal bayan abin da ya faru, kowa kuma ya san dalilin zamana, na ƙirga mazubi goma sha ɗaya na ruwan zafi ko koko ko shayi a ajiye a ƙasa, buɗe, a inda yaro zai iya kaiwa. Ba sakaci ba ne. Babu teburi, babu dakali, babu wani wuri mai tudu a gidan gaba ɗaya. Kuma abin da ke sa ruwa ya daɗe a ƙasa shi ne layin banɗaki. Mutum sama da talatin, ƙofa biyu, a lokacin hunturu da ba mai iya wanka da ruwan sanyi. Dattijuwar a ƙauyensu tana da makewayinta ita kaɗai, daga murhu sai ciki. Tsarin da ya yi mata aiki shekara da shekaru shi ne ya ƙi aiki a gidan haya na birni.

Sai zafin ruwan kansa. Ruwa mai digiri 60 a ma'aunin Salshiyas yana yi wa babba mummunar ƙuna cikin daƙiƙu kaɗan, yaro kuwa fatarsa ta fi siranta, ya fi saurin ƙonewa. In aka sauko da shi digiri 49 sai an yi mintuna kafin ya yi irin wannan ɓarnar. Wanda ke cikin bahon nan bai daɗe da sauka daga tafasa ba. A kan wannan bambancin ne jihar Washinton ta Amurka ta yi doka a 1983 cewa duk sabuwar na'urar ɗumama ruwan famfo a saita ta a digiri 49 tun kafin a kafa ta, kuma da aka bibiya aka ga yaran da ake kwantarwa saboda ƙunar ruwan famfo sun ragu. A birnin Niyok yara ne ke faɗowa ta tagogin benaye. A 1976 aka wajabta wa masu gidajen haya sa ƙarfen kariya a tagogin gidajen da ke da yara 'yan shekara goma zuwa ƙasa, faɗowar ta ragu ƙwarai. Mu ba mu da irin wannan na'ura, benaye ma ba su ne damuwarmu ba. Abin da na ɗauka daga misalan biyu shi ne gyaran da ba ya jiran wani ya tuna ya fi wa'azi aiki, kuma a Niyok wuyan mai gida aka ɗora wa nauyin.

Minti ashirin da aka rasa

Da a ce an ba ni damar gyara abu ɗaya tak a safiyar nan, hannun da ya riƙe uwar a bakin randa zan janye. Zafi ba ya barin nama da zarar an fitar da mutum daga ruwa, yana ci gaba da ci zuwa ciki. Ruwa mai sanyi da ke gudana a kan wurin shi ke janye shi. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya bi yara 2,495 da suka ƙone a Ostareliya. Waɗanda aka zuba wa ruwan sanyi mai gudana na minti 20 cikin awa uku na farko, yiwuwar kai su ga dashen fata ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Awa uku ba ƙaramin lokaci ba ne. Ko da suka je kemis ƙofar a buɗe take. Lokacin da ƙanena ya kira ni ta riga ta rufe.

Su can da famfo suka yi. Mu a Tudun Wada buta ce da jarkar 'yan ga-ruwa. A ganina jarka ɗaya mai lita 25 za ta kai in ana tsiyayawa a hankali da buta, mutum biyu suna karɓa-karɓa. A tuɓe kaya da famfas nan take, sai dai abin da ya manne da fata, shi a yanka a kewaye shi. Ruwan randa ko na rijiya ko na leda, banda ƙanƙara, don ita ma tana lalata nama. Maƙwabciyar da ta ce sanyi zai shige ta tana da gaskiya ta wani gefen, domin ƙaramin yaro mai faɗin ƙuna jikinsa na saurin yin sanyi, balle a hunturu. Maganin wannan shi ne a zuba a kan ƙunar kawai, a lulluɓe sauran jikin, in ya fara karkarwa a dakata. Kada a fasa bororo. A rufe da tsaftataccen zani a tafi asibiti, musamman in ƙunar ta fi tafin hannun yaron, ko ta taɓa fuska, hannu, gaɓa ko al'aura.

Wanda ba a ƙirga ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 180,000 ne ƙuna ke kashewa duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta wannan hanyar a Afirka ta ninka ta sauran duniya fiye da sau biyu. Rahoton da ta fitar tare da UNICEF a 2008 ya ce yara sama da 2,000 ne ke mutuwa kullum ta haɗurran da ba da gangan ba, wato mota, nutsewa a ruwa, ƙuna, faɗuwa da shan guba.

Mutanen Kaduna ba su manta ranar 4 ga Janairu, 2020 ba, ranar da gas ya fashe a wani shago a Sabon Tasha ya kashe mutane, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe wuraren ɗura gas da ke cikin unguwanni. Abin ya yi ƙara, an ji, an motsa. Ƙunar baho ba ta ƙara. Yaro ɗaya a Kawo, ɗaya a Rigasa, ɗaya a Kakuri, wasu a kemis suke ƙarewa, wasu wurin mai tofi. Na buɗe rajistar asibitinmu na duba abin da ni da kaina nake rubutawa: "ƙunar ruwan zafi", shi ke nan. Babu a ina, babu da wane mazubi, babu ƙarfe nawa, babu me aka fara zubawa. Daga irin wannan rubutun ba mai iya gano cewa layin banɗaki yana ƙona yara. Tun daga lokacin na ja layi huɗu da rula a gefen shafin, ina cikewa.

Zama da mai gida

Bayan an sallamo su muka tara matan gidan, ƙanena kuma ya ja mazan zuwa wurin mai gida. Da farko Alhaji ya ce shi ɗaki ya ba da haya, bai ba da raino ba. Limamin masallacin layin ne ya sassauto da shi. Ya ce, "Alhaji, ƙaddara gaskiya ce, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali." Alhaji ya ba da bulo talatin da buhun siminti ɗaya, 'yan haya suka biya magini. Aka zagaye lungun da ake hura itace da gini bulo uku a tsaye, aka sa ƙofar langa-langa mai sakata daga sama, aka yi dakali a ciki mai kai ƙugun babba.

Matan suka yanke wa kansu ƙa'ida biyu. Ba a juye ruwan zafi daga kan wuta sai an ga banɗaki a buɗe babu kowa. In ruwan wankan yara ne ko na maigida, na sanyi ake fara zubawa a bokiti sannan a kawo na zafi a kai. Maganar ko wankan jego da tafasasshen ruwa ya dace da lafiyar mai jegon kanta, na bar ta sai wani zaman, don na san in na haɗa biyun zan rasa duka. Aka ware jarka ɗaya da buta biyu a gindin rijiya. Matan gidan da ke fuskantar namu suka aiko a zo a nuna musu, babbarsu ta ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa.

Wata biyar bayan haka shayi ya zube wa wani yaro ɗan shekara uku a hannu. Maƙwabciyar nan da ta riƙe hannun uwar ita ce ta ɗauko buta, ta sa 'yarta ta riƙe waya tana duba lokaci. Ya warke cikin kwana goma ba tabo.

Ba komai ne ya ɗore ba. Ginin yana nan, amma ƙa'idar jiran banɗaki takan karye duk safiyar Litinin. Jarkar sau biyu ina samun ta babu ruwa, an ara an yi wanki. Yarinyar tana tafiya, tana gudu, sai dai fatar bayan gwiwarta na son ƙagewa, kullum safe da dare uwar na shafa mai tana miƙar da ƙafar kamar yadda aka koya mata. Har yanzu in ta ga baho sai ta ƙanƙame mutum.

Da sanyin bana ya shigo na sake leƙawa da asuba. An kawo wuta. Sakatar ƙofar langa-langa ta karye, an ɗaure da igiya. A ɗakin ƙurya, inda mai jegon ta tashi, sabuwar 'yar haya ta jona hita a bokiti a ƙasa bayan ƙofa, ɗanta mai rarrafe yana kan katifa. Na yi mata magana. Ta ce, "Anti, to a ina zan ɗora? Nan kaɗai soket yake." Na duba ɗakin, gaskiyarta ce. Na ce ta goya shi har ruwan ya yi ta kashe ta sirka, ta goya. Da rana ƙanena ya je wurin Alhaji kan a ja waya a sa soket a saman dakalin cikin ginin. Ya ce a bari sai bayan Sallah.